Bamalli Mai Lagireto da Katin Kwamfutar Sadiya

Bamalli taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izinin faɗarsa tun ranar da aka haife ni. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa shi ne nawa, mun haura shekara sittin ba a raba mana gardamar ba. A Magajiya aka haife shi, nan cikin Suleja, amma in ka tambayi Bamalli a gari sai a tsaya ana tunanin wanne. Je ka Gauraka bakin titi ka ce Bamalli mai lagireto, ko mai sayar da rake zai nuna maka rumfarsa.

Ya shiga sana'ar tun ana jigilar siminti da rodi zuwa Abuja ba dare ba rana, lokacin da kowace babbar mota ta taso daga Kaduna sai ta tsaya a Gauraka tana huci. Ya kwance lagireto, ya wanke, ya liƙe da dalma, sannan ya zauna ya miƙe haƙoransa da suka lanƙwashe ɗaya bayan ɗaya, da wani ɗan ƙarfe da ya ƙera da kansa daga mariƙin cokali. Bai taɓa mallakar ma'aunin zafi ba. Bayan hannunsa yake kai wa jikin inji, ya lumshe ido, ya ce wa direba, "Za ta kai ka Zuba, amma ba za ta kai ka Lokoja ba." Abin haushin shi ne yawanci hakan ake yi.

Sai dai yana da wata aƙida da ko da gatari ba ka raba shi da ita. Duk motar da aka shigo da ita daga Turai tana da wani ɗan murfi a hanyar ruwanta, makanikai suna ce masa tamosta, aikinsa ya tsare ruwa har sai inji ya ɗauki ɗumi. Bamalli bai taɓa ganin tamosta ya bar shi ya kwana a mota ba. "Don ƙasar ƙanƙara aka yi shi," in ji shi. "Mu nan rana ta ishe mu." Ya cire ya jefa a gwangwanin madara, da gwangwani ya cika ya koma bokiti. Duk makanikan layin haka suke yi, amma shi ne limaminsu. Na sha gaya masa cewa wanda ya ƙera motar ba mahaukaci ba ne, sai ya ce me tsohon malamin firamare ya sani game da inji.

Daga baya zamani ya juya masa baya. Motocin yanzu lagiretonsu roba ne da alminiyam, in ya fashe a jefar a ɗaura sabo, ba mai neman dalma. Har yanzu yana zuwa rumfa, amma kwana uku a mako, kuma rabin zaman hira ne da masu faci. Ya rage tsokana, ya rage dariya. Abin ya dame ni, ko da yake da in gaya masa gara in haɗiye harshena.

Autarsa Halimatu Sadiya sunan mahaifiyarsa ke gare ta, don haka Mamana yake kiran ta. Ta karanta zanen gine-gine, ta gama, ta shekara biyu a gida tana aika takardun neman aiki ba amsa. Bara cikin bazara wani kamfanin gine-gine a Abuja ya kira ta tare da wasu mutum biyar, ya ba su gwaji. Kowa ya zana gida, ya haɗa ɗan bidiyo na minti uku mai zagayawa da mutum cikin ɗakuna kamar an riga an gina, a turo kafin ƙarfe biyar na yammacin Litinin. Mutum ɗaya za a ɗauka, wanda ya makara kuma ya cire kansa da kansa.

Zanen bai ba ta wahala ba, ranar Juma'a ta gama. Kwamfutar ce matsala. Tsohuwa ce irin ta tebur, yayanta Nura ya bar mata da zai koma Minna. Abin da ke haɗa irin wannan bidiyo wani faifan ƙarfe ne a cikinta mai ƙananan fanka biyu, ana ce masa katin hoto, nata kuwa ya haura shekara takwas. Da ta gwada, kwamfutar ta ce mata aikin zai ci awa goma. Taransifomar unguwarsu ta ƙone tun makonni, sola suke dogaro da ita, batirinta kuma bai fi ya riƙe kwata ɗin awa ba. Wato wuta daga takwas na safe zuwa biyar na yamma ke nan, awa tara, kuma in ta yanke ana tsakiyar aiki sai a faro daga farko.

A shagon da ke jikin gidansu akwai Nwamaka mai gyaran kwamfuta, wadda kowa ke kira Maman Oluchi. Iyayenta daga Anambra suka zo, ita a Suleja aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi in ana faɗa. Ta ce sabon kati ba zancen yau ba ne, ƙaramin janareta kuma kada ma a kawo shi kusa, wutarsa rawa take yi. Amma ana iya ƙara wa tsohon katin gudu ya wuce yadda aka saita shi a kamfani, abin da su suke kira obakulok. Ranar Asabar da hantsi Bamalli ya aiko a kira ni, wai in zo in ga ilimi tunda na tsufa ban gani ba.

Na tarar Maman Oluchi ta zare katin, ta hure ƙurar da ke ciki, ta kankare wani busasshen mai da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen da ke shanye zafinsa, ta ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ta mayar, ta buɗe wata manhaja mai layuka da ake ja dama ko hagu.

"Small small ake yi, Baba," ta ce da Bamalli, wanda ya matso har gemunsa na neman taɓa allo. "In ƙara masa gudu da goma sha biyar, in gwada minti ashirin ina kallon zafi. In ya zauna lafiya in ƙara. Ranar da na ga ɗigo-ɗigon kore a allo, ko hoto ya tsage, sai in koma baya taki biyu in tsaya nan. Wannan layin na ƙarfin wuta ne, ba na taɓa shi. Wannan ɗan akwatin kuma ba a sa masa alama sai an tabbata da komai, don shi ke sa kwamfuta ta riƙa tashi da sabon saitin kullum."

Bamalli ya gyaɗa kai, ya ce ai haka ake saita kafireto, ashe su ma masu kwamfuta suna da hankali. Sai ya nuna wani layi da aka tsayar a kan tamanin da uku, ya ce wannan fa.

"Mai gadin zafi ne," in ji Maman Oluchi. "In katin ya kai digiri tamanin da uku, shi zai rage masa gudu har ya huce."

"Au," in ji Bamalli. "Tamosta."

"Kusan haka. Amma abeg, Baba, wannan ba na cirewa ba ne."

Ya ce to. Na kalli fuskarsa, na ga irin kallon da yake yi wa motar Beljiyam in an buɗe masa bonet. Ya kamata in yi magana a lokacin. Ban yi ba, kuma gaskiyar ita ce so nake in ga abin da zai faru, wannan laifin nawa ne har gobe.

Kafin la'asar Maman Oluchi ta sauko da aikin zuwa awa takwas da rabi. Aka yanke shawarar a kunna ranar Lahadi da takwas, a gama huɗu da rabi, Litinin ta zama ranar hutu da addu'a.

Lahadi Maman Oluchi ta tafi coci. Sadiya ta kunna aikin, ta zauna da shi har sha ɗaya, sannan mahaifiyarta Asama'u ta ja ta zuwa barkar haihuwa a Garam, wadda ba yadda za a yi a ƙi zuwa. Ta bar wa ubanta gadi. "Baba, kallo kawai," ta ce masa. Ya ce ai ko numfashi ba zai yi kusa da ita ba.

A nan dole in yi masa adalci, ko da ba na so. Ɗakin Sadiya rufin kwano ne, silinsa ya zazzago ta gefe guda, rana tana take tsaka ya zama tanda. Bamalli yana zaune ya ga zafi ya kai tamanin da uku, ya ga lambar gudu ta fara sauka, ya ga lokacin gamawa ya tashi daga huɗu da rabi ya koma biyar saura kwata, ya koma biyar da minti goma. Tsoro ya kama shi, tsoron gaske, don ya san wuta biyar take yankewa. Ga aikin 'yarsa yana neman zubewa a gabansa, ga kuma tsohon abokin gabarsa a allo yana riƙe wa inji wuya. Ya kama maus, ɗan linzamin kwamfutar, da hannu biyu ya ja layin mai gadin zafi har ƙarshe. Tunda hannu ya riga ya kai, ya ja na gudun ma har ƙarshe. Sannan ya sa wa ɗan akwatin nan alama, wai don kada kwamfutar ta manta.

Bayan azahar na iso, na same shi yana washe baki. "Bawa, zo ka ga aikin manya," ya ce. Lokacin gamawa ya sauko zuwa huɗu saura. Ƙananan fankokin suna wani irin kuka, ɗakin yana warin ƙarfe mai zafi, lambar zafi ta wuce casa'in. Ban gama zama ba ɗigo-ɗigon kore suka watsu a kan falon gidan da Sadiya ta zana, hoton ya tsage gida biyu, allo ya yi baƙi. Ya kunna kwamfutar, ta tashi, ta kai rabi, kore ya sake watsuwa, ta mutu. Sau uku yana kunnawa tana mutuwa. A na huɗu na riƙe masa hannu.

Da la'asar Sadiya ta dawo da ledar cincin a hannu. Ta kalli baƙin allo, ta kalli ubanta, ta ajiye ledar ta zauna a bakin gado. "Baba, awa shida fa ya yi," ta ce. Can ta ce, "Ba komai." Da ta yi kuka ko ta ɗaga murya da ya fi masa sauƙi. Ya tashi ya fita zaure, hannayensa suna lilo kamar ba nasa ba.

Aka kira Maman Oluchi, ta shigo da kayan cocinta, ɗaurin kanta sai da ta sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Ta tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta ɗaukar sabon saiti, ta cire alamar, ta mayar da layukan inda ta bar su jiya, ta gwada. Katin bai ƙone ba, kwamfutar ta ɗauke kafin a kai ga haka. Ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji.

"Baba, this one no be mota. Naku na mota sanyi yake hanawa, wannan zafi yake hanawa. Da ka bar shi, da batir ya ƙarasa minti goman nan, da yanzu ana shirin turawa."

Sannan ta juya ga Sadiya ta faɗa mata gaskiya. Gobe ce dama ta ƙarshe, kuma goben biyar da minti goma ba ta da amfani. Sai an gama huɗu da rabi a samu lokacin turawa. Hakan kuwa ba zai yiwu ba sai katin ya wuni bai kai tamanin da uku ba, a wannan ɗakin, a wannan bazarar. Ta ce ita iyakar saninta ke nan.

Sai ga Bamalli a bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe. Ban taɓa ganin ya tsaya wa wani cikin 'ya'yansa haka ba.

"Mamana, na yi miki ɓarna, ki yafe mini," ya ce. "Allon nan ba zan ƙara kallonsa ba. Amma ki ba ni izini in taɓa ƙarfen. Zafi dai na san shi."

Sadiya ta kalli Maman Oluchi, ita kuma ta ɗaga kafaɗa. "To, Baba," in ji Sadiya.

Ya durƙusa, ya sa aka kunna, ya bi jikin akwatin kwamfutar da bayan hannu, ya zura shi tsakanin kwamfutar da bango, ya lumshe ido. Ya ce an cusa ta ƙarƙashin tebur a lungu, iskar da ta fitar ita take sake shaƙa, ko jaki aka yi wa haka sai ya faɗi. Da aka zaro masa katin ya ɗaga shi a hasken taga ya yi tsaki. Ƙarfen da ke shanye zafin yana da siraran haƙora irin na lagireto sak, kusan rabinsu a lanƙwashe, wani ya taɓa sakace su da sukundireba. Maman Oluchi ta ce ta gani jiya, amma ba wanda ke gyara wannan. Ya zura hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙarfen cokalinsa, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya zauna a tabarma. Haƙori sittin da wani abu ya miƙe, bai karya ko ɗaya ba, ba wanda ya yi tari a ɗakin har ya gama.

Daga nan ya zama Bamallin da na sani. Ya sa na ja tebur zuwa bakin taga, ya cire murfin gefen kwamfutar, ya hau acaɓa ya je Gauraka ya dawo da fankar lagireton wata tsohuwar fijo da batirin mota. Ya yanka kwalin taliya ya yi wa iskar hanya, mai sanyi ta shigo ta ƙofa ta bi ta kan katin, mai zafi ta fice ta taga. Har ya ɗauko buta zai yayyafa wa kwalin ruwa don ƙarin sanyi, Maman Oluchi ta karɓe ta daga hannunsa, ta kai tsakar gida ta ajiye. Da ya haɗa waya fankar ta tashi, sai da kalandar bango ta bi ta taga.

Ya ce batir ɗaya ba zai kai yamma ba, ana bukatar na biyu. Na ce Allah ya kawo. Da na fito bayan magariba motata ta ƙi ko tari, na buɗe bonet na ga wayoyi biyu suna reto. A ƙafa na koma gida ina zaginsa, shi kuma yana daga zaure yana ce mini tafiya tana rage hawan jini.

Litinin da takwas daidai Sadiya ta yi bisimilla ta danna. Maman Oluchi ta duba saitinta, ta bar komai yadda yake, ta koma shago tana leƙowa. Bamalli ya zauna a tabarma ya ba allo baya, kamar yadda ya yi alkawari, hannunsa ɗaya a bakin kwalin da iskar ke fita. Ni aka naɗa mai karanta lamba.

"Bawa, nawa?"

"Sittin da shida."

"Na ce sittin da bakwai."

Kafin in rufe baki ta koma sittin da bakwai, na ji kamar in kashe fankar don haushi. Da rana ta take zafin ya kai saba'in da biyu ya tsaya. Lambar gudu ba ta motsa ba, lokacin gamawa yana nan a huɗu da rabi. Asama'u ta kawo tuwo ba wanda ya ci sai ni. Wajen ƙarfe biyu muryar fankar ta fara laushi, batirin farko ya gaji. Canjin bai fi na minti ɗaya ba, amma kan wayar ya suɓuce wa Bamalli sau biyu, ni kuma ina karantawa, saba'in da biyar, saba'in da takwas, tamanin. Sadiya ta durƙusa ta riƙe masa wayar ya ɗaure. Fanka ta tashi, lamba ta fara sauka, ya share goshi da hularsa.

Huɗu da minti ashirin da shida aka gama. Ta tura ta wayarta, saƙon ya isa biyar saura minti goma sha biyu. Sai a lokacin ta ce, "Baba, juyo ka gani," ta kunna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya ce gidan ya yi kyau amma tagogin kicin sun yi ƙanƙanta, mai girki za ta sha zafi.

Bayan mako biyu aka kira ta, ita aka ɗauka. Bamalli ya ba da labarin a Gauraka har masu faci suka haddace, kuma a nasa labarin ba a ambaton ranar Lahadi sai in ina wurin. Yanzu Sadiya tana bin motocin asuba zuwa Abuja tare da sauran ma'aikata, sai bayan magariba take dawowa. Kamfanin ya ba ta wata siririyar kwamfuta ta hannu, wadda ke gama irin wancan aikin kafin shayi ya huce.

Wata ranar Talata da la'asar na biya gidan, Asama'u ta nuna mini ɗakin Sadiya da haɓa. Na same shi a tabarma, tsohuwar kwamfutar a kunne ba aikin komai take yi ba, fankar fijo tana ta hura mata iska. Na zo da tsokana cike da baki, amma ya riga ni magana.

"Haruna, ta ce tasu ta ofis ko ƙarar fanka ba ka ji."

"Ba ta zafi ke nan?"

"Ba ta zafi," ya ce. "Wai ko ta wuni tana aiki, ba ta bukatar kowa ya tsaya mata."

Murna yake yi wa 'yarsa har cikin ransa, na sani, amma tausayinsa ya kama ni har na kasa kallon fuskarsa. Ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa hannu ya zare wayar daga kan batir. Muka zauna muna kallon fankar har ta tsaya.